Labaran Cutar Da Yara: Tsakanin Faɗakarwa Da Firgitarwa

(Matanin laccar da aka gabatar a gaban iyaye da malaman makarantun Islamiyya a garin Jama'a, Ƙaramar Hukumar Gwarzo.)

Muna farawa da sunan Allah, muna gode maSa bisa ni'imar 'ya'ya da Ya damƙa mana amanarsu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon rahama, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku iyayenmu da malamanmu da sauran 'yan'uwa, mas'alar da ta tara mu a yau ta shiga kowane gida. Uwa ba ta samun natsuwa idan ɗanta ya yi jinkirin dawowa daga makarantar allo. Baƙo idan ya tsaya a bakin hanya yana tambayar gidan wani, kafin a amsa masa sai an dube shi sama da ƙasa. Daga Getso zuwa Kutama, daga Garo zuwa Gude, hirar majalisa ɗaya ce: an sace yaro a wuri kaza, an tsinci gawar yarinya a wuri kaza. Tambayar da muke son mu tsaya a kanta ita ce: a cikin wannan tsoro, wanne ne ya samo asali daga abin da ya faru, wanne ne kuma ya samo asali daga yadda labarin yake zuwa mana? Sa'annan me wannan tsoro yake sa mu aikatawa?

ABIN DA YA FARU YA FARU

Kada wani ya zaci mun zo mu ce babu komai. Wallahi akwai.

A watan Oktoban 2019 'yan sandan Jihar Kano suka sanar da gano yara tara da aka sace daga unguwanni irin su Sauna da Kawo da Yankaba, aka kai su Anacha ta Jihar Anambara aka sayar, aka sauya musu sunaye da addini. Jagoran wannan aika-aika, Paul Owne, ya amsa laifinsa, kuma a 2021 Babbar Kotun Kano ta ɗaure shi shekara 104. A watan Disamban 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, wadda ba ta da wani nisa da mu idan an bi hanyar Dayi zuwa Malumfashi. A watan Fabrairun 2021 aka ɗebe 'yan mata 279 a Jangebe, har ta kai gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana da manyan makarantu, cikinsu har da Makarantar Nazarin Muhalli da ke nan Gwarzo. A watan Mayun wannan shekarar aka kwashe yara ƙanana sama da ɗari daga Islamiyyar Salihu Tanko ta Tegina, suka yi kusan wata uku a daji.

Sai kuma musibar da ta fi tsaya wa Kanawa a rai. A farkon Disamban 2021 aka ɗauke Hanifa Abubakar, yarinya 'yar shekara biyar, a hanyarta ta dawowa daga Islamiyya. Aka nemi kuɗin fansa naira miliyan 6. A watan Janairun 2022 aka kama Abdulmalik Tanko, mai makarantar bokon da take zuwa, ya bayyana cewa ya kashe ta da shinkafar ɓera, an kuma binne ta a harabar makaranta. Ranar 28 ga Yulin 2022 kotu ta yanke masa hukuncin kisa tare da abokin aikinsa Hashimu Isyaku. Allah Ya sa ta zama mai ceton iyayenta.

Adalci ne mu faɗi cewa kafafen watsa labarai sun yi aikin alheri a nan. Iyayen yaran da aka kai Anacha talakawa ne, sun daɗe suna kuka ba mai saurare, sai da gidajen rediyo da jaridu suka ɗauki kukan nasu sannan gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Shari'ar Hanifa ta kammala cikin kimanin wata shida da kama mai laifin, a ƙasar da shari'ar kisan kai takan shekara da shekaru. Da idon jama'a bai kasance a kanta ba, Allah kaɗai Ya san inda za ta kwana. Saboda haka wanda ya ce a daina faɗin irin waɗannan labarai, to azzalumai yake yi wa aiki ko da bai sani ba.

YADDA LABARI ƊAYA YAKE ZAMA GOMA

Amma fa akwai wata fuskar. A zamanin iyayenmu labari yakan biyo 'yan kasuwa ne, ya iso ranar da kasuwa ke ci, kuma mai kawo shi sananne ne, ana iya tsare shi da tambaya. Daga baya rediyo ta zo, tana da edita da za a iya kamawa idan ya yi ƙarya. A yau kowane yaro mai waya a hannu ya zama gidan rediyo, ba edita, ba mai tuhuma.

Ku lura da yadda abin yake aiki. Abu ya faru sau ɗaya. Ka ji shi a labaran safe, ka sake jin sa a shirin dare inda aka sa wanda ake tuhuma yana magana, ka gan shi a Facebook, wani ya turo maka shi a zauren WhatsApp na dangi, wani ya turo a na masallaci, matarka ta jiyo shi a gidan suna da ƙarin gishiri. Kunne ya ji sau goma, zuciya kuwa ba ta iya lissafi, sai ta ɗauka abu goma ne suka faru. Bayan shekara biyu wani ya tono tsohon faifan, ya cire kwanan wata da sunan gari, ya rubuta cewa yanzu-yanzu abin ya faru a kusa da ku. Sau da yawa ma hoton na wata ƙasa ne daban.

Sa'annan mu sani cewa labari a yau haja ne. Mai shafi a Facebook ko TikTok yana samun mabiya ne, wani lokaci har da kuɗi, gwargwadon yawan masu kallo, kuma babu abin da ke jawo kallo kamar jinin yaro da hawayen uwa. Shi ya sa za ka ga an cusa wa mahaifiya makirufo a baki tun gawar ɗanta ba ta huce ba, a watsa hoton gawar, a faɗi sunan yarinyar da aka yi wa fyaɗe da unguwarsu, alhali ita ce za ta rayu da wannan tabo har ranar da za a zo neman aurenta. Wannan ciniki ne da musibar Musulmi, ko da an lulluɓe shi da sunan faɗakarwa.

Abin da ya fi wannan illa shi ne abin da ba a faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya suna Nijeriya ne, kuma akasarin waɗanda yake kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Cutar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 a Kano ta fi yin ɓarna, kuma yara ta fi ɗauka. Ku ƙirga a garinku: yara nawa aka binne saboda zazzaɓi da gudawa da ƙyanda, nawa kududdufi da rijiya suka ci da damina, nawa kuma aka sace? Kowa ya san amsar. Amma da yake mutuwar zazzaɓi ba ta da faifan bidiyo, sai ka ga uban da ya hana ɗansa fita saboda tsoron ɓarayi bai damu ya ɗaura masa gidan sauro ba.

TSORO YANA NUNA BAƘO, HAƊARI YANA CIKIN GIDA

Babban darasin da ke cikin ƙissar Hanifa shi ne wanda muka fi saurin mantawa. Wanda ya ɗauke ta ba baƙo ba ne. Malaminta ne, ta san shi, iyayenta sun amince masa, har an ruwaito cewa yana cikin waɗanda suka fara zuwa yi musu jaje. Ya kashe ta ne domin ta gane shi. Da ɗan gari akan ci gari.

A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da taimakon UNICEF, ta gudanar da bincike a kan cin zarafin yara a Nijeriya. Sakamakon ya nuna cewa yara shida cikin goma sun gamu da wani nau'i na cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma sun gamu da cin zarafi ta hanyar lalata. Masu aikatawar kuma galibi mutane ne da yaron ya sani: maƙwabci, ɗan'uwa, malami, mai shagon unguwa. Kaɗan ƙwarai ne daga cikin yaran suka sami wani taimako.

To ku dubi yadda muka juya al'amarin. Labarin baƙon da ba mu gani ba muna yaɗa shi har Legas, amma ɓarnar da aka yi a bayan katangarmu sai mu ce a rufa asiri, a sasanta a zauren mai unguwa, kada a ɓata zumunci. Lalle Musulunci ya kwaɗaitar da suturta Musulmi, sai dai malamai sun bayyana cewa wannan ya shafi wanda ya yi zunubi tsakaninsa da Ubangijinsa ne, cutarwarsa ba ta ƙetara zuwa ga wani ba. Wanda yake lalata 'ya'yan mutane kuwa, rufa masa asiri miƙa masa yaro na gaba ne. Wadda ta cancanci sutura ita ce yarinyar da aka cuta. Mu kuwa sai mu tona mata, mu rufa masa.

ABIN DA TSORO YAKE HAIFARWA

Ya 'yan'uwa, a ƙarshen watan Maris na 2025, ana dab da ƙaramar Salla, wasu mafarauta 'yan Jihar Kano, da yawansu daga yankin Bunkure, suka taso daga Fatakwal za su gida. A garin Uromi na Jihar Edo 'yan sintiri suka tsayar da motarsu, suka ga bindigogin farauta, wani ya ɗaga murya ya ce masu garkuwa da mutane ne. Ba a kai su gaban alƙali ba, ba a saurari uzurinsu ba. Aka kashe mutum 16, aka ƙona su. Duk Arewa ta yi kuka, kuma kukan yana kan hanya.

Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah. Mutanen Uromi sun daɗe suna fama da masu garkuwa, sun daɗe suna jin labarai masu firgitarwa, har zukatansu suka cika suka batse, kalma ɗaya ta ishe su hujja. Shin idan gobe aka ga wata mata mai taɓin hankali riƙe da hannun yaro a kasuwarmu, wani ya yi ihu ya ce ɓarauniyar yara ce, mu nawa ne za mu tsaya mu ce a kai ta wurin hukuma? Mu nawa ne za mu ɗauki dutse? Cutar da ta kashe 'yan'uwanmu a can tana nan kwance a cikinmu, ihu ɗaya take jira. Ko a lamarin Hanifa, wasu matasa sun cinna wa makarantar wuta cikin dare, alhali mai laifin yana hannun hukuma. Ginin bai kashe kowa ba.

Misali na biyu ya fi kusa da mu masu hawa mumbari, kuma ba za mu ɓoye shi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara 200 a Kano. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan abu ne da ya faru da gaske. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 jita-jita ta bazu cewa allurar rigakafin shan-inna tana hana haihuwa, aka dakatar da ita a Kano har zuwa tsakiyar 2004, kuma wasu masu wa'azi sun taimaka wajen yaɗa maganar da kyakkyawar niyya, ba tare da tabbatarwa ba. Sakamakon haka cutar ta sake bazuwa har zuwa wasu ƙasashe, kuma sai a 2020 aka tabbatar da kawar da nau'in ƙwayar cutar na asali daga Afirka. Wasu daga cikin samarin da kuke gani suna jan ƙafa a yau, tsoron da aka ji domin kare su ne ya gurgunta su.

Haka nan duk lokacin da aka yaɗa labarin satar ɗalibai, wadda ake fara cirewa daga makaranta ita ce 'ya mace. A cire ta daga aji don tsoron ɓarayi, a ɗora mata farantin talla ta shiga tasha da gareji, wato inda haɗarin ya fi yawa.

MA'AUNIN SHARI'A

Allah Maɗaukakin Sarki bai bar mu cikin duhu ba. A aya ta 6 ta Suratul Hujurat Ya umurce mu da bin diddigin labarin da wanda ba amintacce ba ya kawo, Ya kuma faɗi dalili, wato kada mu afka wa mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. A aya ta 83 ta Suratun Nisa'i Ya zargi waɗanda da zarar wani labari na aminci ko na tsoro ya zo musu sai su watsa shi, Ya nuna cewa kamata ya yi a mayar da shi ga shugabanni da masu iya tantancewa. Ku duba, an ambaci labarin tsoro da sunansa. A Suratun Nur kuma, cikin ƙissar ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha (R.A.), an tsawata wa mutanen kirki waɗanda ba su ƙirƙiri ƙaryar ba, karɓa kawai suka yi daga baki suka miƙa wa wani bakin, suna ɗaukar abin da sauƙi. Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa hadisin da ke nuna cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya isa ya sa shi cikin maƙaryata.

Abin mamaki, mu ne mutanen da idan aka kawo mana hadisi sai mun tambayi isnadinsa: wa ya ruwaito, daga wa, shin amintacce ne, shin ya haɗu da malaminsa? Al'ummar da ta gina ilmin jarhu da ta'adili, ta ƙi karɓar ruwayar majhuli, yau ita ce take karɓar saƙon murya daga wanda ba ta san sunansa ba, ba ta san garinsu ba, kuma ta yanke hukuncin jini a kansa. “An ce” ba isnadi ba ne. Ibnu Khaldun a Muƙaddimarsa ya lissafa abubuwan da ke shigar da ƙarya cikin labari, daga ciki akwai son rai ga wani ra'ayi da yawan yarda da masu ruwaya. Idan labari ya dace da abin da muke tsoro ko ƙabilar da muke zargi, a nan ne ya fi wajaba mu tsananta bincike, domin a nan ne zuciya take saurin buɗe ƙofa. Laifin Paul Owne nasa ne da abokan aikinsa, ba ya hawa kan duk wani Ibo mai shago a garinmu, kamar yadda ba mu yarda a ɗora laifin 'yan bindiga a kan mafarautan Bunkure ba.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Ga 'yan jarida da masu shafuka muna cewa: ku ji tsoron Allah a kan alƙalaminku. Ku faɗi wuri da rana da majiya. Ku sakaya sunan yaron da aka cuta da fuskarsa. Ku tuna wanda 'yan sanda suka yi holinsa wanda ake tuhuma ne har sai alƙali ya yi hukunci. Kuma ku bi shari'a har ƙarshenta, domin jama'a suna jin ranar kamu amma ba sa jin ranar hukunci, shi ya sa suka yanke ƙauna suke ɗaukar doka a hannunsu. Idan yaron da kuka yi cigiyarsa ya dawo gida, ku sanar da ƙarfin muryar da kuka yi cigiyar.

Ga matasanmu masu waya: kafin ka tura saƙo ka tambayi kanka abu uku. Wa ya faɗa? Yaushe kuma a ina abin ya faru? Wane amfani turawar za ta yi? Idan ka rasa amsa ɗaya, to saƙon ya mutu a hannunka, kuma kana da lada. Idan labarin ya shafi garinmu ne, dagaci da mai unguwa da ofishin 'yan sanda sun fi zauren WhatsApp cancantar su fara ji.

Ga malaman Islamiyya: kada mu yi fushi idan iyaye suka yi mana tambaya, domin amana ba ta tsoron bincike. Kowace makaranta ta san wanda yake zuwa ɗaukar kowane ƙaramin yaro. Kada a tashi yara bayan duhu ya shiga. Kada malami ya keɓe da ɗaliba ko ɗalibi a ɗaki rufe, kowane ne shi. Kada a ɗauki sabon malami sai an san asalinsa da inda ya baro da dalilin barowarsa.

Ga iyaye: ku saurari 'ya'yanku. Yaron da ya san duka zai sha idan ya yi magana ba zai faɗi abin da aka yi masa ba, kuma da wannan shirun mai ɓarna yake dogara. Ku koya musu cewa ba a bin kowa zuwa wani wuri sai da izinin gida, ko da malami ne ko kawu. Idan ƙaddara ta afku, a fara kai yaro asibiti kafin komai. Akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano domin irin wannan, akwai hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, akwai Hisba, kuma tun 2023 Jihar Kano ta sami dokar kare haƙƙin yara. Wanda ya karɓi kuɗi ya janye ƙara ya sayar da ɗansa da 'ya'yan maƙwabtansa.

Ga dukkanmu kuma: mu dawo da tarbiyyar da muka gada, wadda ta ce ɗa na kowa ne. Garin da kowane babba yake sanin 'ya'yan maƙwabcinsa, yake tambayar yaro ina za shi, ya fi garin da kowa ya kulle ƙofarsa tsaro. Idan aka kama wanda ake zargi, dattawa su kewaye shi da jikinsu har hukuma ta iso. In mai laifi ne, a raye ne zai faɗi abokan aikinsa da inda sauran yaran suke. In kuwa barrantacce ne, kun tsirar da garinku daga alhakin jini.

Muna roƙon Allah Ya tsare mana zuriyarmu, Ya bayyana yaran da har yanzu iyayensu ke nema, Ya tona asirin masu cutar da su na nesa da na kusa, Ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ya kuma tsare harsunanmu da yatsunmu daga yaɗa abin da ba mu da ilmi a kansa. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.